Na hau Kilimanjaro, amma ba ƙarfin cinyata ne ya kai ni ba

Ranar da na faɗa wa Hajiya cewa zan tafi Tanzaniya in hau dutse tana tsintar shinkafa ne a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce "Dalan da Goron Dutsen duk sun yi maka kaɗan kenan?" Na ce Hajiya wannan fa shi ne mafi tsawo a duk Afirka, mita 5,895. Ta ce "To in ka hau sai a ba ka me?" Ban da amsa a lokacin, yanzu ma ban samo wadda za ta gamsar da ita ba, don haka ba ita zan amsa a nan ba. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne tun da na dawo ake ta turo min saƙo a WhatsApp, wai ya ake shiri, nawa ake kashewa, sai mutum ya zama ɗan ƙwallo ne ko ɗan dambe kafin ya iya, na gaji da maimaita magana ɗaya. Wata shida nai ina shiri, kuma wallahi rabin shirin nan na abin da ba shi ne matsalar ba nai. Ni a zatona dutse ƙarfin ƙafa yake so, sai da na je na tarar abin da ke kayar da mutane a can iska ce da sanyi da gaggawa, sai ƙananan abubuwa irin su safa da farce.

Dala biyu ne suka wahalar da ni, dutsen Dala da dalar Amurka, kuma ta biyun ta fi ciwo. Ba a barin kowa ya hau Kilimanjaro shi kaɗai, doka ce sai da jagora mai lasisi, kenan sai ka bi ta hannun kamfani, su za su haɗa maka jagora da kuku da 'yan dako da tanti da abinci. Kafin ma a zo kan ladan waɗannan bayin Allah, hukumar gandun dajin tana karɓar nata, lokacin da na je dala 70 ne kowace rana a kan baƙon da ba ɗan Gabashin Afirka ba, dala 50 kowane dare na kwana a tanti, dala 20 kuɗin ceto, sannan a ɗora haraji kashi 18 a kai. Lissafa kwana bakwai ka gani, ya tasam ma dala dubu, ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka biya jirgi ba. Shi ya sa in ka ga kamfani ya ce zai kai ka a kan dubu da 'yan kai kada ka yi murnar araha, ka tambayi kanka daga cikin wa za a rage, don ba daga kuɗin gwamnati za a rage ba, daga cikin ɗan dako ne. Akwai wata ƙungiya a Moshi, garin da ke gindin dutsen, da ake kira KPAP mai sa ido kan yadda kamfanoni ke biyan 'yan dako da ciyar da su, ni a jerin waɗanda ke aiki da ita na zaɓi nawa.

Sai biza. Mu masu fasfon Najeriya ba a ba mu ta Tanzaniya a filin jirgi, ta intanet ake nema kuma sai an tantance takardunka a can, tana cin makonni, tawa sai da na fara fidda rai sannan ta fito. Kada ka kuskura ka yanki tikitin da ba a sauya masa rana kafin ka gan ta a hannunka. Katin rigakafin shawara ma, wannan mai ruwan ɗorawar, ka sa shi cikin fasfo tun daga gida.

Mu biyu muka ƙulla tafiyar tun farko, ni da aminina wanda tun firamare muke tare, shi ne ma ya fara kawo maganar. Mun yi wata biyu muna fita atisaye tare sai wata rana muka je ganin likita a kan maganin da ake sha saboda tsauni, yana tambayoyi yana rubutu sai ya ce kun san rukunin jininku na sikila? Ni AA ne, shi kuwa AS, ya sani tun gwajin da suka yi kafin aurensa kuma bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba don ko ciwon ƙafa bai taɓa yi ba. Likitan ya ajiye biro ya yi mana bayani, ya ce mai AS lafiyarsa ƙalau a ƙasa, amma a inda iska ta yi ƙaranci ga wahala ga ƙishirwa, ƙwayoyin jinin suna iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa, mutum ya ji wani azababben ciwo a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, wasu suna zuwa su dawo ba abin da ya same su, wasu kuma a asibiti suke ƙarewa, kuma a tsakiyar dutse ba inda za ka ga asibiti. Mai SS kuwa ba ma maganar zuwa. Bai hana shi ba, ya dai ce ya je ya yi tunani. Bayan kwana uku aminin nawa ya kira ni ya ce "Malam, ka je ka ɗauko mana hoto." Na sa wannan tun a farko ne don duk rubuce-rubucen Turawan da na karanta a kan shirin hawa dutsen nan da ƙyar ake ambatonsa, alhali a ƙasarmu kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Kafin ka sayi ko safa ka je ka yi gwajin nan ka ga likita.

Atisayen da nai ba wani abin a zo a gani ba ne. Kullum bayan asuba in goya jaka mai kilo takwas, robobin ruwa nake zubawa a ciki, in hau Dala in sauko in sake hawa har sai cinyata ta fara rawa, yara suna bi na suna cewa ga soja ga soja, wani tsoho mai sayar da goro a gindin dutsen kuwa sai da ya tare ni wata rana ya ce ɗana in wani abu ne ke damunka ka faɗa a taya ka da addu'a. Ranar Asabar doguwar tafiya, daga Kabuga in miƙa titin Gwarzo awa huɗu ko biyar. Sau ɗaya na je Jos na hau tsaunukan Shere. Duk sun yi amfani, ba zan ce ba su yi ba, ko ba komai jikina ya saba da yini a tsaye. Amma Kano ko mita 500 ba ta kai ba daga matakin teku, Shere ɗin da na ji kamar na yi wani abu wajen 1,800 ne, daidai da ƙofar Machame inda mota ke ajiye ka ka fara takawa. Dutse mafi tsawo a duk Najeriya, Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419 ne, ka ga kenan daren farko ma a Kilimanjaro a saman duk wata ƙasa da ke Najeriya za ka kwana. Babu atisayen da za ka yi a gida ya koya wa jikinka wannan. A ƙolin dutsen duk numfashin da ka ja kusan rabin iskar oksijin da ake samu a bakin teku kake samu, kuma jiki ba ya sabawa da haka sai da kwanaki. Don haka shiri mafi muhimmanci da nai ba a kan Dala nai shi ba, a waya nai shi, ranar da na ƙi hanyar Marangu ta kwana biyar duk da ta fi araha kuma a ɗakunan katako ake kwana, na ce a sa ni ta Machame ta kwana bakwai. Kwana biyun nan da na ƙara su na saya da kuɗina kuma su suka kai ni.

Kaya kuwa, Allah ya saka wa 'yan gwanjon Ƙofar Wambai. A can na samu rigar sanyi mai gashin tsuntsu a ciki, da suwaita biyu, da wandon ciki mai kama jiki, da hular sanyi da safar hannu, mai shagon yana mamakin wanda ke neman irin wannan kaya a tsakiyar damina. Jakar barci da sandunan dogarawa haya na ɗauka a Moshi, ba sai ka saya ba. Abu ɗaya da za ka kiyaye, kada ka sa auduga a jikin fatarka, singiletinmu na gida in ta sha gumi ba ta bushewa, iska na kaɗawa sai ka ji kamar an lulluɓa maka jiƙaƙƙen tsumma. Kuma kada ka auna sanyin can da hunturunmu, sanyin da muke kunna gawayi a ɗaki saboda shi, a can rana ce mai daɗi. Ledar baƙa da robar ruwa ta yarwa duk ba a shiga da su, Tanzaniya ta haramta leda tun 2019, gora mai ƙwari za ka nema. Daga gida na tafi da dabino da ƙuli-ƙuli da man kaɗanya da ɗan kwalbar yaji, kuma yajin nan ya yi min rana don daga kwana na uku abinci ya daina yi min ɗanɗano, sai na barbaɗa shi nake iya tura ugali, wato tuwon masararsu, ba shi da maraba da namu sai dai ya fi tauri.

Inda na tafka kuskure takalmi ne. Na sayi mai kyau, mai rufe idon sawu, na kuma yi wata uku ina yawo da shi har ya saba da ƙafata, duk wannan daidai ne. Amma daidai ƙafata na saya. Ban lissafa da safa biyu masu kauri ba, ban lissafa da cewa ƙafa tana kumbura ba, kuma ban taɓa gwada shi a doguwar gangara ba don gangarar Dala minti nawa ce. Zan dawo kan wannan.

Ranar farko cikin daji ake tafiya, dogayen bishiyoyi, laka, birai a sama. Jagoranmu, wani siririn mutum da ba zai wuce shekara hamsin ba, ya shiga gaba yana wata irin tafiya kamar mai rakiyar amarya, yana ta cewa "pole pole", wato sannu sannu. Ni kuwa ga wata shida na atisaye a cinyata, na ji abin ya zama raini, sai na wuce shi. Bai ce min komai ba. Rana ta biyu ma haka, na riga kowa isa sansanin Shira ina jin kaina. Kowane dare yakan zo tanti da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan iskar da ke jininka da bugun zuciya, ya rubuta a littafi, ya tambaye ka ciwon kai, amai, barci, ka ci abinci? Daren ya dubi lambata ya dube ni ya ce "Dawa?" Na ce wace dawa kuma a nan, ashe a Swahili magani kenan, tambaya yake ko ina shan Diamox ɗin da likita ya rubuta min. Ina sha. Maganin nan yana taimaka wa jiki ya saba da wuri amma zai sa ka fitsari kamar me, yatsunka su riƙa yi maka kamar ana tsira allura, ga shi kuma ana so ka sha ruwa lita uku zuwa huɗu a yini, sai ka tashi sau uku cikin dare kana neman zif ɗin tanti da hannun da ba ka ji.

Rana ta uku dutsen ya karɓi bashinsa. Ana hawa ne har wani ƙaton dutse da ake kira Lava Tower, mita 4,600, a ci abincin rana a can sannan a gangaro Barranco wajen 3,900 a kwana, da gangan aka tsara haka, ka leƙa sama ka kwana a ƙasa don jiki ya ɗanɗana ya huta. Tun kafin mu isa kaina ya fara sarawa kamar ana daka sakwara a ƙeyata, zuciyata na tashi, ƙwai ɗaya aka ba ni na kasa haɗiyewa. Na zauna a kan dutse na sunkuyar da kai, wani hankaka mai farin wuya ya sauko ya ɗauke biredin da ke kan cinyata ina kallo ko korarsa ban iya yi ba. Jagoran ya zo ya tsuguna ya ce in tashi in taka a miƙe, dunduniya a gaban yatsu, yana kallon ƙafata. Daga baya ya gaya min abin da yake dubawa, ciwon kai da rashin cin abinci kusan kowa na yi, amma in mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki yana zaune da tari mai kumfa, to ruwa ne ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa ko huhu, kuma maganinsa ɗaya ne, a sauko da shi a take ko da tsakar dare ne. Na taka daidai. Ya ce to daga yau bayana za ka bi, inda na ɗauke ƙafa nan za ka sa taka. Tun muna yara ake ce mana sannu ba ta hana zuwa, ni dai sai da na biya dala sannan na yarda.

Masu tambayata salla, kafin in tafi na je wurin malaminmu ya warware min hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da taimama, kuma duk na yi amfani da su, don daga Barranco zuwa sama ruwan da aka bari a waje ƙanƙara yake kwana. Abin da ya ba ni dariya alƙibla. Mu da muka tashi da "fuskanci gabas", daren farko na shimfiɗa darduma na kalli mafitar rana abina, sai wani cikin 'yan dakonmu, Musulmi ne, ya zo ya kama kafaɗata ya juya ni hagu. Daga can Makka a arewa take.

Katangar Barranco da ake ta tsoratar da mutane da ita a bidiyo ba ta kai yadda ake faɗa ba, hannu da ƙafa ne kawai, duk wanda ya taɓa haura katangar makaranta zai iya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kana manne da dutse kana addu'a sai ka ji ana neman hanya a bayanka, ɗan dako ne da kilo 20 a ka ban da jakarsa, wani da kambas ɗin da ya yage, ya wuce ka kamar yana hawa bene. Su ke tashi bayanka su naɗe tanti, su wuce ka a hanya, ka iso ka tarar sun kafa shi har an dafa shayi.

Sansanin ƙarshe sunansa Barafu, ƙanƙara kenan a Swahili, mita 4,673, ba ciyawa ba ruwa sai duwatsu da iska. Aka ce mu kwanta da magariba, wa ya ga barci. Sha ɗayan dare aka tashe mu, shayi da biskit, na sa duk abin da na mallaka, riga biyar wando uku, fitila a goshi, waya a aljihun ciki don sanyi na kashe batir. Da na ɗaga kai na ga fitilu a jere can sama sai na ɗauka taurari ne, ashe mutanen da suka riga mu ne, nan gabana ya faɗi. Daga nan ban ƙara ɗaga kai ba, dunduniyar jagora kawai nake kallo. Taku ɗaya, numfashi biyu. Wajen ƙarfe uku ruwan gorata ya fara daskarewa daga baki, na ciro dabino na sa a baki na ji kamar tsakuwa, sai da na bar shi a kumatu ya yi laushi. Aka wuce da wani saurayi ana gangarowa da shi, mutum biyu sun riƙe shi hagu da dama ƙafafunsa na harɗewa, ba wanda ya ce uffan. Ni kuma barci ya fara fizgata ina tafe, na ce wa jagora bari in zauna minti biyar kawai, ya ce minti ɗaya, ya cire jakata ya rataya a ƙirjinsa ban ma yi musu ba, ni da nake wuce shi ranar farko. Na koma ƙirga taku, in yi ashirin in tsaya in jingina da sanda in yi salati, in sake ashirin. Ban san sau nawa na yi haka ba. Can sai na ga gefen sama ya fara yin ja ta bayan tsaunin Mawenzi, nai taimama a kan wani dutse nai asuba a zaune haƙorana na haɗuwa, ba a jima ba muka fito Stella Point, mita 5,756, bakin ramin dutsen. Daga nan zuwa ƙolin Uhuru tazarar ba ta da yawa kuma ba tsayi sosai, amma sai da ta ci min kusan awa guda, ga katangun ƙanƙara a hagu masu tsayin gidan sama suna ƙyalli. Da na iso allon da aka kafa a ƙolin ban yi ihu ba ban yi komai ba, hawaye ne kawai suka zubo ban san dalili ba. Minti goma muka yi, na ɗauki hoton da aminina ya ce in ɗauko, jagora ya ce mu tafi.

Ba wanda ya gaya min cewa saukowa ita ce aikin. A ranar nan ɗaya za ka gangaro daga 5,895 har sansanin Mweka wajen 3,100, bayan ka kwana kana tafiya. Gangarar farko tsakuwa ce mai zamewa, duk taku sai ƙafata ta zurma gaba babban yatsa ya daki bakin takalmi, tun ina ji har na daina ji. Da na cire safa a Mweka faratan manyan yatsuna biyu sun yi baƙi ƙirin, ga bororo a gefe. Da na ƙara lamba ɗaya a takalmin nan, na yanke farce sosai, na kuma ɗaure igiyar da ƙarfi a wuyan ƙafa kafin gangara, da ban ga wannan ba. Washegari a ƙofar fita da ɗingishi na karɓi satifiket ɗina, na raba wa 'yan dako ihsaninsu hannu da hannu kowa na gani, rigar Ƙofar Wambai kuwa da takalmin na bar wa wanda ya juya ni alƙibla, ƙafarsa ba ta kai tawa ba, ya yi masa cif.

Da silifas na sauka a Kano. Hajiya ta karɓi satifiket ɗin ta juya shi gaba da baya ta miƙo min, ta ce "Ka dai yi sallolinka ko?" na ce na yi, sai idonta ya kai kan ƙafata ta yi salati ta aika a ɗauko ruwan zafi da gishiri. Farcen hagun ya fita bayan sati uku, na daman yana nan yana lilo har yanzu, shi kuwa aminina ya fara turo min hotunan Mambila yana tambaya ko likita zai bar shi ya je ko da Gembu ce.